Sawun Giwa Ya Taka Na Raƙumi: Yadda Kotunan Tarayya Ke Yanke Rigimar Haraji

(An rubuto wannan lacca daga sautin da aka naɗa a wani zama na 'yan kasuwa da ɗaliban shari'a a Kano. An rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena 'yan kasuwa, malamaina da ke gaba, da ƙannena ɗalibai da na hango a baya kuna ta rubutu tun ban ce komai ba, barkanmu da warhaka.

Kalmar haraji ba ta taɓa yi wa Bahaushe daɗin ji ba. Dattawan da ke nan sun san zamanin da mai unguwa zai zo da dogari, a shanya magidanci a rana gaban iyalinsa saboda kuɗin da bai kai na buhun gero ba. Fulani sun san jangali, har da kora shanu daji cikin dare don kada a ƙirga. Shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka yi ta guɗa. A wancan zamani, in aka ce ka biya, magana ta ƙare. Yau akwai inda ake zuwa a yi musu, har a kayar da gwamnati a gaban alƙali. Abin da na zo mu duba shi ne ina ne wurin, da kuma yadda hukuncin da aka yanke wa wani kamfani a Legas, wanda ba ka taɓa jin sunansa ba, yake zuwa ya same ka a rumfarka ta Kwari ko ta Dawanau.

Rigimar haraji ba a kotu take farawa ba. Da takarda take farawa. Hukumar tara haraji ta tarayya, wadda muka saba kira FIRS, za ta aiko maka da takardar kima, ta ce a lissafinta ga abin da take bin kamfaninka. Doka ta ba ka kwana 30 ka rubuta cewa ba ka yarda ba, ka faɗi dalili. In ka yi shiru kwanakin suka wuce, kimar ta zauna, ta zama bashi a wuyanka ko da kuskure ne a cikinta. Wani Alhaji ya taɓa zuwa ofishina da irin wannan takarda, duk ta yi maiƙo. Na duba kwanan wata, na ce, ranka ya daɗe, ina ta shiga wata biyu? Ya ce yaron shago ne ya karɓa, ya sa ta ƙarƙashin littafin bashi. Lissafin da ke ciki kuwa ko ɗan firamare zai ga an ninka masa ciniki. Muna da gaskiya, amma lokaci ya kuɓuce mana. Daga neman hakki sai muka koma roƙo. Ba a fafe gora ranar tafiya, jama'a. Wannan kwana 30 ɗin ya kayar da mutane fiye da yadda lauyoyin gwamnati suka kayar.

To, ka rubuta, hukuma ta ce ba za ta gyara ba. Mataki na gaba shi ne kotun sauraron ƙorafin haraji, wadda muke ce wa tirabunal. Dokar da ta kafa FIRS a 2007 ce ta samar da ita, aka rarraba ta wuri takwas. Mu na Arewa maso Yamma tamu tana Kaduna, akwai ta Bauchi, akwai ta Jos, akwai ta Abuja, sauran suna kudu. Mutum biyar ne ke zama, shugabansu lauya ne, sauran masana lissafin kuɗi da haraji. Wanda bai gamsu da hukuncinsu ba zai wuce Babbar Kotun Tarayya, amma kan fassarar doka kawai, ba sake ƙirga rasit za a yi ba. Daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan Kotun Ƙoli.

Ɗalibai, ku riƙe wannan. Ita Babbar Kotun Tarayya da kuke jin sunanta kullum a shari'ar 'yan siyasa da ta EFCC, asalinta kotun haraji ce. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa ta a 1973 da dokar soja mai lamba 13, sunanta a lokacin kotun kuɗin shiga ta tarayya. Kuɗin mai ya fara shigowa, kamfanoni sun yi yawa, gwamnati ta ga shari'o'in kuɗinta suna kwana a kotunan jihohi. Kundin tsarin mulkin 1979 ne ya sauya mata suna. Na 1999 kuma, a sashe na 251, ya ce duk abin da ya shafi kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da harajin kamfanoni, da kuɗin kwastan, huruminta ne ita kaɗai, ban da kowace kotu.

Wannan “ban da kowace kotu” ya haifar da rigimar da za ta buɗe mana ƙofar magana. In har Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumi, ita tirabunal fa, wa ya ba ta izinin zama? A 2009, a ƙarar wani kamfanin gine-gine mai suna Stabilini Visinoni, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tsohuwar tirabunal ta harajin VAT, wato harajin da ake ƙara wa mai saye a kan kuɗin kaya da ayyuka, ta saɓa wa tsarin mulki. Da aka kafa sabuwa sai lauyoyi suka ɗauko wannan hukunci suka nufo ta da shi. A 2013, a ƙarar kamfanin TSKJ, Mai shari'a Adeniyi Ademola na Babbar Kotun Tarayya ya ce sabuwar ma haramtacciya ce, a rushe ta. Shekarar ba ta ƙare ba sai Mai shari'a Ibrahim Buba, shi ma na Babbar Kotun Tarayya, a ƙarar da NNPC ta shigar, ya ce sam, tirabunal ba kotu ba ce balle a ce ta ƙwace hurumin kotu. Zaure ne da ake bi kafin a shiga cikin gida. Kotu ɗaya, shekara ɗaya, tambaya ɗaya, amsa biyu.

(Wani daga cikin jama'a: To wanne za a bi?)

Madalla, Alhaji, tambayar ke nan. Amsar ita ce babu wanda ya ɗaure wani. Alƙalai biyu masu daraja ɗaya, hukuncin wannan shawara ce kawai a wurin wancan. Haka aka zauna cikin ruɗani, lauyan hukuma ya ɗauko na Buba, lauyan kamfani ya ɗauko na Ademola, kowa ya zaɓi wanda ya yi masa. Sai a 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a ƙarar kamfanin mai na CNOOC, ta ce tirabunal tana nan daram. Daga ranar bakin kowane alƙalin Babbar Kotun Tarayya ya mutu kan wannan batu, ko ya yarda a zuciyarsa ko bai yarda ba. Sawun giwa ya taka na raƙumi.

Wannan shi ne tsarin da muka gada daga Ingila: kotun ƙasa tana bin sawun ta sama, dole. Kuma Kotun Ƙoli ba ta wasa da shi. 'Yan Jigawa da ke nan za su tuna shari'ar Bashir Dalhatu da Saminu Turaki a 2003, kan takarar gwamna a jam'iyyar ANPP. Alƙalin da ya fara sauraron ƙarar an nuna masa hukuncin Kotun Ƙoli na 1983 da ya ce zaɓen ɗan takara harkar cikin gidan jam'iyya ce. Ya ƙi bi, har ya ba Kotun Ƙoli shawarar ta sake tunani. Da magana ta isa sama, faɗan da aka yi masa a rubuce, ni dai ba na fatan a yi wa ko maƙiyina. Ba shari'ar haraji ba ce, amma duk alƙalin da ke zama kan haraji ya karanta ta.

Sai dai ba duk abin da alƙali ya faɗa ne ke zama sawu ba. Hukunci na iya kai shafi ɗari, abin da ke ɗaure na ƙasa bai wuce layi biyar ba. Almajiran fiƙihu sun fi saurin gane wannan. A ƙiyasi ai kuna neman illar hukunci, ba illa ta aibi ba, illa ta dalilin da hukuncin ya rataya a kai. To shi ne ake bi. Sauran maganganun da alƙali ya yi a hanya, waɗanda ko an cire su hukuncin ba zai motsa ba, ratse ne. Ana girmama su, ba sa ɗaure kowa. Rabin aikinmu na lauyoyi ke nan. In tsohon hukunci ya yi mini daɗi, in ce illarsa ta game shari'ata. In ya yi mini ɗaci, in ce ratse ne, ko in ce abin da ya faru a can daban yake da abin da ya faru a nan.

Na ga Malam yana murmushi, na san abin da ke ransa. Gaskiya ne, Allah ya gafarta Malam, a shari'ar Musulunci abin ba haka yake ba kai tsaye. Sayyidina Umar ya yanke hukunci a mas'alar gado tsakanin 'yan'uwa shaƙiƙai da 'yan'uwa na wajen uwa, daga baya irinta ta sake zuwa ya yanke wani daban, da aka tuna masa ya ce wancan yana kan abin da muka hukunta, wannan kuma yana kan abin da muke hukuntawa. A wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari ma ya ce kada hukuncin da ka yanke jiya ya hana ka komawa ga gaskiya. Duk da haka alƙalinmu na Malikiyya ba sakaka yake ba, mashhurin mazhaba yake bi. Kowace al'umma dai ta gano cewa ba za a bar dukiyar mutane ga yadda alƙali ya tashi da safe ba. A tsarin da muke magana a kai, Kotun Ƙoli ce kaɗai ke iya warware hukuncinta na jiya, kuma ba kasafai take yi ba. Marigayi Mai shari'a Chukwudifu Oputa ya faɗa a 1989, yana aron maganar wani alƙalin Amurka, cewa ba don ba sa kuskure ne maganarsu ta zama ta ƙarshe ba. Don maganarsu ce ta ƙarshe shi ya sa ake ɗauka ba sa kuskure.

Akwai wata ƙa'ida guda da ta keɓanci haraji, ita ma daga Ingila ta zo, daga hukuncin wani alƙali Rowlatt a 1921, kuma kotunanmu sun riƙe ta. Ba a ɗora wa mutum haraji da ƙiyasi ko da zato. Abin da doka ta rubuta ƙarara shi ne kawai. In ta kama ka ta kama ka, ko da abin tausayi ne. In ba ta ambace ka ba ka tsira, ko da kowa na ganin ya kamata ka biya. Wuƙa ce da ke yanka ta kowane gefe, amma ita ce babbar garkuwar mai biyan haraji.

Yanzu mu zo kan giwar kanta, wato VAT, don a nan ne za ku ga tsarin yana aiki, ku kuma ga inda ya gaza.

Labarin ya fara tun kafin a san VAT. A 1982 jihar Ogun ta yi dokar harajin saye da sayarwa. Wasu dilolin giya, da sunan wata mata Aberuagba a gaba, suka kai ƙara. Ku lura, da giya aka fara, kuma za mu sake dawowa kan giya. A 1985 Kotun Ƙoli ta yi hukunci, wanda ya jagoranci rubuta shi kuwa namu ne, Mai shari'a Mohammed Bello ɗan Katsina, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya. Abin da aka tsayar: jiha tana da ikon sa haraji kan cinikin da ake yi a cikinta, amma ba ta da iko kan cinikin da ke tsallaka iyaka tsakanin jihohi, wannan na tarayya ne. Sai sojoji suka zo da dokarsu mai lamba 102 a 1993, suka kafa VAT kashi 5 cikin ɗari, tarayya ta tara, a raba. Soja ba ya tambayar tsarin mulki. Da aka dawo farar hula a 1999, dokar ta biyo mu a matsayin gado, har aka ɗaga ta zuwa kashi 7.5 a Fabrairun 2020.

Amma buɗe kundin 1999, ka duba jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Lamba 58 kuɗin hatimin takardu. Lamba 59 harajin kuɗin shiga, da riba, da ribar sayar da kadara. Nemi VAT, ba za ka gan shi ba. Legas ta ga wannan rami tun da wuri. Ta nufi Kotun Ƙoli kai tsaye, a 2014 kotun ta ce rigimarki da FIRS ce, koma Babbar Kotun Tarayya. Ba a taɓa gundarin maganar ba. Sai shari'ar otal ɗin Eko, wanda ya ga FIRS na neman VAT, Legas na neman harajin sayarwa, a kan kwanon shinkafa ɗaya, ya ce wa kotu ki faɗa mini wa zan ba. An fi shekara goma ana yi. A Disambar 2017 Kotun Ƙoli ta ce dokar VAT ta riga ta mamaye filin, karɓar biyun ninka wa mai saye haraji ne, a ba tarayya.

Kowa ya ɗauka an rufe littafi. Sai ranar 9 ga Agustan 2021, Mai shari'a Stephen Pam na Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ya ce FIRS ba ta da ikon karɓar VAT a jihar Ribas. Za ku ce ina sawun giwa? To ga inda illa da ratse suka yi aiki. Masu goyon bayan jihohi suka ce a shari'ar Eko an tambayi kotu ne wace doka ce ke gaba tsakanin biyu, ba a tambaye ta ko majalisar tarayya na da ikon yin dokar tun farko ba. Wato giwa ta wuce ta gefe, ba ta taka nan ba. Gwamna Nyesom Wike bai jira ba, cikin kwana goma ya sa hannu kan dokar VAT ta jiharsa. Legas ta bi sahu. Kun tuna surutun da aka sha a rediyo, har da gorin cewa Hisba na fasa kwalaben giya a Kano amma Kano na karɓar kasonta daga harajin giya. Ranar 10 ga Satumba Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja ta ce kowa ya tsaya inda yake. FIRS ta ci gaba da karɓa.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu ba za su ji daɗi ba. Mu a Arewa mun ɗauki wannan shari'a a matsayin ƙiyayya, muka yi ta zagin alƙali, alhali tambayar da aka yi tambaya ce ta gaskiya, kuma ramin yana nan a kundin. Shaida ita ce a Maris ɗin 2022, lokacin gyaran tsarin mulki, an kawo ƙudurin a rubuta VAT cikin jerin tarayya, majalisa ta kayar da shi. Su ma na kudu da suka yi ta biki kan hukuncin Fatakwal, sun manta matakin farko ne na tsani mai hawa uku. Shari'a mace ce mai ciki. Ƙarshenta ba alƙali ne ya kwantar da ƙurar ba, ciniki aka yi. Da gwamnatin Tinubu ta kawo ƙudurorin gyaran haraji a 2024 da shawarar a raba kashi 60 na kason jihohi bisa inda kuɗin ya fito, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda ba. Aka ja, aka ja, aka tsaya kan rabi a raba daidai, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka ci kayan. Kason tarayya ya sauko daga kashi 15 cikin ɗari zuwa 10, na jihohi ya hau daga 50 zuwa 55. Aka sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, aka sa 1 ga Janairun 2026 ranar fara aiki, FIRS ma aka sauya mata suna. An gyara rabo, amma dokar majalisa ba ta cike ramin da ke cikin kundin tsarin mulki.

Amurkawa, waɗanda muka kwaikwayi tsarin shugaban ƙasarsu a 1979, sun taɓa faɗawa irin wannan rami. A 1895 Kotun Ƙolinsu ta rushe harajin kuɗin shiga na tarayya, a shari'ar Pollock. Ba su zagi alƙalai suka kwanta ba. Sun bi doguwar hanya suka gyara kundinsu a 1913. Kuma kotun tasu na warware kanta in zamani ya juya. A 1992 ta ce jiha ba za ta tilasta wa kamfanin da ba shi da shago ko ma'aikaci a cikinta ya tara mata harajin sayarwa ba. Cinikin intanet ya zo ya mayar da wannan hukunci hanyar zurarewar kuɗi, a 2018, a shari'ar Wayfair, alƙalai biyar cikin tara suka soke shi.

To, ku sake sauraron sunayen da na lissafa tun ɗazu. Stabilini, TSKJ, NNPC, CNOOC, otal ɗin Eko, jihar Legas, jihar Ribas. Akwai mai shayi a ciki? Akwai mai sayar da atamfa? In ka cire dilolin giyar Ogun, duk masu ƙarfi ne. Hawa tsanin nan tun daga tirabunal har Kotun Ƙoli yana cin shekaru da kuɗin manyan lauyoyi, don haka tambayoyin da ke isa sama tambayoyin manya ne. Su ke kai ƙara, mu ke gadon hukunci. Abin da ke ci wa ɗan kasuwar Sabon Gari tuwo a ƙwarya, rasit kala biyar a kan rumfa ɗaya, shinge a hanya kowace ƙaramar hukuma, garƙame shago da kwaɗo ba tare da takardar kotu ba, ba kasafai yake samun wanda zai ɗauke shi har sama ba. Mutum zai biya dubu ashirin ya huta, don lauya zai ci fiye da haka. Shi ya sa gefen dokar da ya shafi kamfanonin mai ya cika da sawu, gefen talaka kuwa fili ne fetal.

Wani lokaci ma ƙofar kanta ake sa wa kuɗi. A 2021 FIRS ta ce tana bin MultiChoice, masu DStv, naira tiriliyan 1.8. Aka tafi tirabunal a Legas, aka ba da umarnin a ajiye wani kaso kafin a saurari ƙara. Hukuma ta fassara shi da rabin kuɗin, biliyan 900. Kamfanin ya ajiye biliyan 8, tirabunal ta karɓa ta ci gaba. Daga bisani suka sasanta a waje, a 2024 aka ji an daidaita kan biliyan 35.4. Ku auna tazarar da ke tsakanin abin da aka nema da abin da aka karɓa. Kuma da yake sulhu ne, bai bar sawu ko ɗaya da wani zai bi ba. A wannan shekarar ta 2021 aka fito da ƙa'idojin da suka ce sai ka ajiye rabin kuɗin da ake jayayya a kai kafin a saurare ka. Wanda ya ƙalubalanci wannan babban lauya ne, Joseph Daudu, tsohon shugaban ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, kuma a Nuwambar 2023 Mai shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya ya soke waɗannan sharuɗɗa, ya ce sun tauye 'yancin mutum na a saurare shi. Hukunci mai kyau. Amma kun riga kun san a wane matakin tsani yake.

Su Amurkawa sun raba ƙofofin. Kotun Harajinsu, mai alƙalai 19 da ke yin shekara 15 a kujera suna zagaya birane, ba ka biyan ko sisi daga kuɗin da ake jayayya kafin ta saurare ka, in dai ka shigar cikin kwana 90. In ka fi son kotun tarayya ta gunduma, sai ka biya duka tukuna ka nemi a maido maka. Hukuncin Kotun Ƙolinsu a shari'ar Flora a 1960 ne ya tsayar da haka. Sannan suna da sassauƙar hanya ga wanda rigimarsa ba ta wuce dala 50,000 ba, ka tsaya da bakinka ba lauya. Sai dai sharaɗinta, babu ɗaukaka ƙara, kuma hukuncin ba ya zama abin bi ga kowa. Kun ga ko a can, ƙaramin mutum yana samun biyan buƙata, amma ƙafarsa ba ta barin sawu.

Abin da nake ganin ya rage mana shi ne abin da dilolin Ogun suka yi. Ba attajirai ba ne kamar kamfanin mai, haɗuwa suka yi, kuma shekara arba'in ke nan ana ambaton sunan matar nan a kowace shari'ar VAT. Ƙungiyoyin kasuwanninmu suna tara kuɗi don bikin rantsar da shugabanni da ziyarar ban girma. Da za a ware wani abu a zaɓi shari'a guda mai tsabta, wadda takardunta suka cika, a bi ta har sama, da hukuncin da za a samu ya fi ziyarar gidan gwamnati goma amfani.

An nuna mini agogo. Tambaya ɗaya ko biyu.

(Wata Hajiya ta yi tambaya kan jami'an da suka rufe mata shago, sautin bai fita sosai ba.)

Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Abu na farko, duba kan takardar, wa ya aiko su? In ta jiha ce ko ta ƙaramar hukuma, galibi ba Babbar Kotun Tarayya za ki nufa ba, kotun jiha ce, kuma shigar da ƙara a kotun da ba ta da hurumi asarar shekara ce, sai an gama a ce a koma farko. Na biyu, ki tambaye su wace doka ce ta sa wannan kuɗi, sashe na nawa. Ki tambaya da ladabi, amma ki tambaya, don ƙa'idar 1921 ɗin nan taki ce ke ma. Na uku, kada ki ba kowa kuɗi a hannu ba rasit. Ki kawo mini takardun bayan an tashi in duba kwanan watan.

(Wani ɗalibi: Barista, hukuncin tirabunal yana ɗaure wata tirabunal ɗin?)

A'a, ƙanena. Ta Kaduna ba ta ɗaure ta Legas, ta Legas ba ta ɗaure ta Kaduna, kuma an sha samun su sun saɓa kan abu ɗaya. Za ka iya kafa hujja da shi, za su saurara, amma ba dole. In malaminka ya yi maka wannan tambaya a jarrabawa, ka kawo masa labarin Ademola da Buba, za ka ci makinka.

Ga ladan can ya fara. Sauran tambayoyin a rubuto a ba shugaban zama. Subhanakallahumma wa bihamdika. Wassalamu alaikum.